Jarkokin Malam Hambali

Malam Hambali mai tsaron shagon maganin feshi ne a kasuwar Jalingo, amma a unguwar Majidaɗi an fi saninsa da kyautar jarka. Duk jarkar da maganinta ya ƙare, sai ya wanke ta da sabulu, ya shanya, sannan ya sa wuƙa ya kankare takardar da ke jikinta. A ganinsa, rashin ladabi ne a miƙa wa mutum kyauta mai hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa. Mata suna zuba ruwa a ciki, suna sa masa albarka.

Wata rana aka aiko masa cewa yayarsa, Adda Nasiba, tana asibiti. Ta tafi gonarta a Iware da kunu cikin jarkar da ya ba ta, ta sha, sai amai da dalalar yawu. Ya tarar dangi sun kewaye gadon, ma'aikaciyar jinya, Ƙauna, tana jujjuya jarkar.

"Maganin ƙwari ne a ciki da, ko na ciyawa?" in ji ta. "Kowanne da yadda ake ceton wanda ya sha, kuma a takardar ake rubutawa. Wa ya cire?"

Dangin duk sun san amsar, don haka babu wanda ya dube shi.

"Ni ne," ya ce, kansa a ƙasa. "Amma na wanke ta sosai."

"Baba, roba tana shan magani. Wanne ne?"

Ya karɓa ya sunsuna, bai ji komai ba sai tsamin kunu. Magunguna da yawa a shagonsa jarkarsu iri ɗaya ce.

Adda Nasiba ta buɗe ido da ƙyar. "Hambali, kai da sunan jikokinka ma sai an tuna maka? Je shagon ka kwaso magungunan duka."

Ya kwaso. Likita ya karanta takardun jikinsu, ya gwada da alamomin ciwon, ya ce na ƙwari ne, aka yi mata allura.

Da ta samu sauƙi ba ta yi masa faɗa ba. Ta tambaye shi kawai ko gidaje nawa ya bai wa.

Washegari ya ɗauki buhu, ya tsaya a ƙofar maƙwabcinsa, ya yi sallama. Aka amsa tun bai shirya yadda zai ce a dawo masa da kyautarsa ba.