Ragon da Ba Ya Ci Sai da Faɗa

Innata tana kiwon raguna a Giwa Tazo, kuma ban taɓa jin ta yi wa ɗayansu magana mai daɗi ba. Wata shekara wani ɗan kasuwa daga ƙasar Benin ya sayi babban ragonta a kasuwar Jega. Kafin a tsallaka iyaka da shi, dole sai likitan dabbobi ya tsare shi 'yan kwanaki, ya ba da takardar lafiya.

Likita ya duba baki da kofato, ya auna zafin jiki, komai lafiya lau. Amma ragon nan ya ƙi ci. An kawo harawa, an kawo dusa da kanwa, ko kallo bai yi ba. Likita ya ce shi kam ba zai sa hannu kan dabbar da ba ta ci ba. Haushi ya kama ni, na ɗauko Inna a babur.

Tana isa ta riƙe ƙugu. "Kai, ɗan banza, mi kaka jira? Kunya za ka ba ni cikin mutane?" Rago ya ɗaga kunne, ya tsoma baki cikin dusa. Likita ya yi dariya har da riƙe ciki, kashegari ya sa hannu.

Mai saye ya miƙo waya, ya roƙi Inna ta maimaita faɗan ya naɗa. Ta yi masa har da gyara.

Inna ba ta taɓa wuce Birnin Kebbi ba, amma faɗanta ya ƙetare iyaka, kuma ba wanda ya tambayi takardarsa.