Takalman da ke Zauren Kawu Gabon

Duk wanda ya taɓa zuwa yi wa Kawu Gabon sallama zai bar ƙasa, ya san da takalmin aro ake komawa gida. Kana durƙushe kana neman albarka, shi kuwa idonsa na kan ƙafarka. "Cire," zai ce. Ya ɗauka ya jera a kan kantar zaurensa, ya miƙo maka silifas ɗin banɗaki, ɗaya ja ɗaya kore. "Ranar da ka dawo ka karɓi kayanka."

Kun ce kowa ya rubuto abin da ya tuna game da shi, to ga nawa. Ni ce Hajara, 'yar ƙanwarsa. A cikin bas nake rubutawa a nan Ingila, bayan awa goma sha biyu a tsaye a asibiti, ƙafafuna kamar ba nawa ba. In kun ga kuskure, gajiya ce.

Malam Buba ne sunansa, amma wa ke tunawa? Ya tafi Gabon sayar da turare da niyyar shekara biyu, ya yi goma sha bakwai. Tun da ya dawo Azare ya naɗa kansa malamin masu tafiya, alhali ba wanda ya roƙe shi.

Da takarduna suka fito na je na gaya masa. Ya ce, "Shekara nawa za ki yi?"

"Biyu, Kawu. In ɗan tara abin da zan tara in dawo."

Ya yi dariya har da tari. "Kowa biyu yake cewa. Ban taɓa jin wanda ya ce uku ba."

Washegari na je gaishe shi. "Kawu, ina kwana?" Shiru. "An tashi lafiya? Ya gajiya?" Ko ɗagowa bai yi ba, sai murɗa rediyonsa yake. Kwana uku fa muna haka! A na huɗu na shiga ɗakin Inna ina kuka. Ta yafa mayafi ta same shi a zaure.

"Yaya, me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ba ta yi komai ba, horo nake ba ta. Inda za ta, sai ta yi wata guda ba wanda ya tambaye ta yadda ta kwana. Gara ta fara kukan a nan, inda akwai mai rarrashi."

"Allah ya shirye ka, Yaya."

"Amin. Ke ma daga yau ki daina amsa mata."

A lokacin haushi na ji, wallahi. Amma a makona na farko a nan na haɗu da maƙwabciyata a matakalar bene, na tsaya na tambaye ta gida, da yara, da gajiyar aiki. Matar ta rungume jakarta ta ce ko akwai matsala ne. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado, ban san ko dariya zan yi ba ko kuka.

Sai batun akwati. Ana gobe zan tafi ya zo ya zazzage mini kaya, ya fitar da atamfofina uku, ya cusa kuka da yaji da wani ƙullin daddawa kamar kan jariri. Ya ce zane ba ya maganin kewa, miya ke yi. Ina sauka a filin jirgi wani ma'aikaci ya buɗe akwatin, ya ja da baya, ya kira ɗan'uwansa, shi ma ya ja da baya. Suka sa safar hannu suka ɗauke daddawar. Na kira Kawu raina a ɓace.

"Sun ƙwace?" ya ce. "Madalla! Dama za su ƙwace."

"Kawu, ka sani ka sa mini?"

"Ai darasi ne. Abin da ya fi kama da gida shi ake fara karɓewa. Kar ki damu, tsohuwar na zuba miki, sabuwar tana nan."

Takalman kuwa, ba ya wasa da su. Kun tuna Alhaji Sale na Gadau, wanda ƙanensa ya tafi Libiya ya bar sabon sau-ciki na fata? Da Sallah ta matso ya zo karɓa, wai kada ya lalace a banza.

"Ƙafar da ta cire ita za ta sa," in ji Kawu.

"Haba Malam, ai ƙafarmu ɗaya da shi."

"To je ka Libiya ka dawo, sai mu yi magana."

Ko ɗan Malam Bulus, malamin makarantar da ke haya a bayan gidanmu, bai tsira ba. Da kambas ya zo sallama, da silifas ya tafi Kanada.

Kawu bai taɓa kirana da katinsa ba. Sai dai ya yi filashin ya jira. In na kira, tambayar ɗaya ce.

"Shekara ta nawa yanzu?"

"Ta huɗu, Kawu."

"Oho. Biyun ce ta haihu."

Ran nan ya ƙara da, "Ya kike?" Ranar ina fama da mura, an yi mini tsawa a wurin aiki, rabona da ganin rana kwana tara. Na ce lafiya lau.

"Kin iya," ya ce. "Haka nake ce wa Hajja."

Hajja kakarmu ce, mahaifiyarsu shi da Inna. Manyanmu sun san labarin, yara ne ba su sani ba. Ranar da zai tafi Gabon ya bar tsohon takalminsa a ƙofar ɗakinta, ta hana kowa ɗagawa. Sai ta share ƙarƙashinsa ta mayar. Duk shekara yana aiko mata da saƙon baɗi zai dawo. Da ya dawo ya tarar da takalmin a wurin, ita kuwa wata huɗu da binne ta.

Yanzu ina shekara ta shida. Kullum akwai dalili: takardar zama ba ta fito ba, ba a ba da hutu ba, bari a ƙara wata shida. Ina cikin wannan bari-barin aka kira ni aka ce Kawu ya rasu. A waya na yi ta'aziyya, ina tsaye a bayan ɗakin magani, minti biyar na koma aiki.

Ƙanena Nura ya turo mini hoton kantar. Ƙafa goma sha ɗaya, a goge tas, ashe duk Juma'a yake bin su da tsumma. Nawa na nan a tsakiya, shuɗi mai maɗauri. Na kira Inna na ce a ba wani mai zuwa ya taho mini da shi, in riƙa tunawa da Kawu.

"Ya bar wasiyya," ta ce. "Ba a aikawa."

"To a bar shi a zauren."

"An kulle zauren. Na ɗauko naki na ajiye a ƙofar ɗakina."

Ina jin numfashinta a wayar, ya yi nauyi fiye da yadda na san shi.

Yau da safe na cike takardar neman hutu. Shugabarmu ta ce ma'aikata sun yi ƙaranci, ko zan jira bazara. Na ce mata a'a.

Allah ya jiƙan Kawu Buba, ya haɗa shi da Hajja a inda ba a sake sallama. Mu da ke waje kuma, Allah ya mai da mu gida mu tarar da masu ajiye mana takalmi da ransu. Amin.