Layin da Na Goge

Har gobe ba na manta ranar Larabar da shugaban wata Islamiyya a Ringim ya kira ofishinmu, ana saura kwana uku saukar ɗalibansa. Lokacin ina cikin shekarata ta biyu a wani ƙaramin kamfanin gina shafukan intanet a Dutse. Mu huɗu ne masu rubuta manhaja, sai Injiniya Haruna mai kamfanin. Babbanmu a aiki shi ne Malam Isiyaku, mutumin Kafin Hausa, tsohon malamin lissafi da ya koya wa kansa wannan sana'a bayan ya haura arba'in.

Bari in ɗan yi bayani saboda wanda ba ɗan sana'ar ba. Shafin intanet guda yakan ƙunshi fayilolin JavaScript masu yawa, kowanne da ɗan aikinsa. Ba a tura su a warwatse. Akwai manhajar da ke tattara su, ta matse su, ta ɗaure su dami guda don waya ta sauke da sauri. Mu a ofis bandila muke ce mata. Ita kuma sai an rubuta mata fayil ɗin saiti, inda ake gaya mata ta ina za ta fara, me za ta bari, me za ta zubar.

A lokacin kowa da saitinsa. In mutum ya kwanta zazzaɓi, wanda ya karɓi aikinsa sai ya ɓata rabin yini kafin ya gane yadda ake haɗawa. Ni na kawo shawarar a yi saiti ɗaya wanda duk ayyukanmu biyar za su riƙa jawowa. Injiniya ya ba ni mako biyu. Malam Isiyaku bai hana ba, amma bai nuna murna ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ki bi a hankali, Hadiza. Ba duka ayyukan nan ne halinsu ɗaya ba."

Na jera fayilolin gefe da gefe. Abin da na gani a ko'ina na riƙe, abin da na gani a wuri ɗaya tak na ɗauke shi tarkace. A ƙasan fayil ɗin Malam na aikin Islamiyyar nan akwai wani gajeren layi, babu bayani a kansa. Na yi tunanin in tambaye shi. Gaskiya ba mantawa na yi ba. Ba na so ne ya sami abin da zai ce ai ya faɗa. Na goge layin, na gwada komai a kwamfutata, ya tashi lafiya lau. Ranar Litinin muka mayar da ayyukan biyar kan sabon saiti.

Ni na ɗauki wayar ranar Laraba. Bayan gaisuwa shugaban makarantar ya ce, "Malama, me ya sami sunayen yaranmu? Ga wani bawan Allah zaune a gabana, daga ƙauye ya taso a kan babur. An nema masa sunan 'yarsa Ruƙayya a shafin ba a gani ba. Tun jiya yarinyar ta ƙi cin abinci, tana zaton an cire ta daga masu sauka."

Na buɗe shafin a wayata. Duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ take, wasu alamomi ne marasa kan gado. Addu'ar da aka rubuta da Larabci a saman shafin ma ta koma shirme. Na ce, "Allah gafarta Malam, sunanta na nan. Matsalar daga wurinmu take. A ba mu zuwa azahar."

Malam Isiyaku ya jawo kujera kusa da teburina, ya gyara tabarau, ya karanta sabon saitin daga sama har ƙasa.

"Ina layin nan na ƙarshe?"

"Na goge shi, Malam."

Sai ya yi mini bayani kamar yana gaban allo. Saba, wato kwamfutar da makarantar ke ajiye shafinta a kai, tsohuwa ce, ba ta sanar da waya irin rubutun da ke zuwa. Layin nan shi ke sa bandila ta mayar da haruffanmu masu lanƙwasa da na Larabci zuwa lambobin da kowace saba za ta wuce da su ba ta ɓata ba. Kwamfutata ba ta da wannan matsala, shi ya sa ban ga komai ba. Muka mayar da layin, muka sake haɗawa, muka tura. Kafin a kira salla sunayen sun dawo. Da na kira Ringim, ina jin muryar uban a gefe yana ta hamdala, yana cewa a sake karanta masa sunan.

Injiniya ya kira mu ofishinsa ransa a ɓace. Ya ce kowa ya koma saitinsa na da, ba zai yi asarar abokin hulɗa saboda gwaji ba. Na sunkuyar da kai. Sai Malam Isiyaku ya gyara zama.

"Yallaɓai, ita ta goge ba ta tambaya ba, wannan nata ne. Amma ni na rubuta layin ban faɗi dalilinsa ba, shekara uku yana zaune a kaina ni kaɗai. Da rasuwa na yi, wa za a tambaya? Kada a koma baya. A ba mu gobe."

Washegari muka rufe ƙofa mu huɗu, muka haska fayil ɗin a bango, muka bi shi layi bayan layi. Dokar da Malam ya kafa ita ce duk wanda ya kawo layi sai ya faɗi dalilinsa, a rubuta a samansa da Hausa. Nan aka ga layinsa na haruffa ya dace da duka ayyukan, ba na Ringim kaɗai ba. Nan kuma aka zo kan wasu layuka biyu nawa da na kasa bayaninsu, don kwafo su na yi daga intanet tun ina koyo. Aka yi mini dariya, ni ma na dara. Wani layi guda kuwa babu wanda ya san dalilinsa, wanda ya rubuta shi ya daɗe da barin aiki. Malam ya ce a bar shi, a rubuta gaskiya.

Yau ni ke duba aikin sababbin ma'aikata, kuma saitin nan ne abu na farko da nake ba su su karanta. Abin da ranar ta koya mini shi ne, haɗa fayiloli wuri guda ba shi da wuya. Mai wuyar shi ne fito da abin da ke kan mutane a ajiye inda kowa zai gani, kuma wannan ba ya yiwuwa sai mai tambaya ya sauke girman kai, wanda ake tambaya ya saki hannu. Kusan duk wanda ya karanta saitin yakan tsaya a wuri ɗaya ya ɗago ya dube ni. A saman layin nan da Malam ya ce a bari an rubuta: "Ba mu san dalilin wannan ba. In ka gano, ka rubuta mana."