Ya Meram Mai Dashen Jema

Duk wanda ya zauna a Gashuwa bayan babban fari ya san Ya Meram, ko da bai san sunanta ba. Ita ce siririyar tsohuwar nan da ake gani a gaɓar kogi, zane ɗaure a ƙugu, tana dasa ciyawa kamar mai dashen shinkafa. Da farko har dariya ake yi mata. Wa ya taɓa jin an dasa jema?

Asalin sana'arta haɗa turaren wuta, kuma saiwar jema ce ke ba turarenta ƙamshin da amare ke rububi. A da ɗan kaɗan take haƙa, ta mayar da ƙasa, ta bar sauran. Da farin 1984 ya zo, gero ya ƙone, mijinta Zarami ya kwanta ciwo, sai ta shiga tumɓuke jemar gaɓa ɗungurungum tana kai wa 'yan kasuwar Nguru. Mata suka gani, suka bi sahu. Ba mai ganin laifinsu, yunwa ce.

Da ruwa ya dawo, gaɓar ta rasa abin da zai riƙe ta. Ta dinga zaftarewa tana tafiya da gonakin tattasai, har da takin shanu da na zamani da aka zuba musu, duk ya taru a mashayar unguwa. Da rani ruwan ya koma kore shar, yana wari, kifi na tasowa a mace. Yara suka kamu da gudawa. Cikin waɗanda aka binne har da ɗan autan maƙwabciyarta.

Abin ya tsaya wa Meram a rai. Ta nemo ragowar jemar da ta tsira, ta rarraba ta gindi-gindi, ta shiga dasawa layi bayan layi, tana jibga ƙaya saboda shanu. Gwiwoyinta suka kumbura, turaren ma ta bar shi kwata-kwata. A hankali gaɓa ta kama, ruwa ya washe, mata suka koma ɗiba.

A 1989 aka sa bikin jikarta Kellu, wadda ta raina tun tana goye. Uwar yarinyar, 'yar Meram ta fari, ta sami tsohuwar a bakin kogi, ta roƙe ta.

"Iya, ko 'yar saiwa kaɗan ce ki haƙo. Amaren garin nan duk da turarenki suka tare, sai Kellu ce za a bari?"

Meram ta dubi jemar, ta ce, "In na haƙa yau, gobe da wane baki zan hana wata? Ruwan nan yara ke sha."

Kellu ta tare da turaren kasuwa. Meram ta raka ta har ɗakin miji, ta shaƙi hayaƙin, ta ji yadda ya tashi salam, babu ƙamshin da ta so wa jikarta. Ta sa mata albarka, ta dawo gida, ta yi kuka mai yawa.