Gardamar Harsashi a Sri Petaling

Baba ya zo Kuala Lumpur jinyar ƙoda, sai ya kafa mana yajin cin abinci. Duk abin da na ɗora masa sai ya ture, ya ce a mayar da shi Bauchi ya mutu a ɗakinsa. Likita kuwa ya ce in bai ci ba, maganin ba zai karɓe shi ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, na shiga bayi na sha kukana.

Wata safiya na ja shi shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi, na ƙasan gidanmu a Sri Petaling, don kawai ya ga mutane. A teburin kusa wani tsohon Basine na kallon harbi a waya, ya ƙure sauti. Baba, wanda ya ƙare aikinsa a gandun daji yana harbin ɓaunar da ta addabi manoma, ya leƙa. Siririn harsashi ne na zamani ake nunawa. Baba ya ja tsaki, ya ce wannan ai tsinken sakace ne.

Tsohon ya tambaye ni me aka ce. Na fassara da Turanci, na rage gishiri. Ashe shi ma tsohon maharbi ne, aladen daji yake kakkaɓewa a gonakin kwakwar manja. Ya ce sabon harsashi miƙewa yake sambal, ya yi nisa, ba ya dukan kafaɗa. Baba ya ce bindigar da ba ta naushi mai ita ba, me za ta yi wa ɓauna? Shi nasa harsashin na da kamar taɓarya yake, in ya sauka an gama magana. Mai harbi daga nesa kuma tsoro ne ya hana shi matsowa.

Wannan ban fassara ba. Baba ya harare ni.

"Faɗa masa yadda na faɗa, ke. Ba sulhu na aike ki ba."

Na faɗa. Tsohon ya yi dariya har da buga tebur, ya ce idon Baba ne ba ya kai nesa. Duk su biyun bindiga ta cinye musu kunnen hagu, kowa ya karkato da dama yana ɗaga murya, ni a tsakiya kamar alƙalin dambe.

Ana cikin haka tsohon ya turo farantin gurasar roti tsakiyarmu, ya ce da yaren Malay, "Makan lah," wato a ci. Baba ya yago, ya dulmiya a miyar wake, ya ɗaga shi yana kwatanta kaurin harsashi, ya kai baki. Na ɗauke kai kamar ban gani ba, daɗi ya cika ni. Na yi wa mai shago alama ya ƙaro biyu.

Da muka tashi, farantan fes, na tambayi Baba ko in nemi jirgin Bauchin.

"Wane jirgi? In tafi in bar mutumin nan cikin ɓata? Tambaye shi ƙarfe nawa yake zuwa gobe."