Yadda Armande Ta Bar Hannun Jirgi

Ana ta yaɗawa a kasuwar Vaucerne wai taubashiyata Armande Chauvelot tana tare masu keke a ƙofar gidanta. Wai duk wanda ya wuce bai gaishe ta ba sai ta sauke shi, ta ɗaure kekensa a gindin tuffa, ta sa shi ya yi ta fere mata dankali har la'asar. Har cewa ake yi akwai wani Baholande da ta kama tun bara, yana can da wuƙa a hannu, matarsa ta gaji da jira ta yi wani auren.

Ƙarya ce tsagwaronta. Baholanden ruwa ne ya koro shi ya fake a rumfarta, shi da kansa ya ɗauki wuƙar, ruwa na ɗaukewa ya tafi da tumbi cike da miya. Armande ba ta ɗaure kowa. Baki kawai take sakar wa mutum, wanda kuwa ya taɓa shan bakin nan zai gwammace dankalin.

A ɗan gidan nan na bakin layin dogo aka haife ta. Uwarta, gwaggona Eulalie, ita ke sauke ƙarfen tare hanya in jirgi zai wuce, ubanta kuma yana cikin masu gyaran layi. Armande ta tashi da ƙarar jirgi a kunne, in dare ya yi shiru ma ba ta iya barci. Da uwar ta tsufa ta gaje ta. Daga baya jiragen suka daina zuwa, aka ciccire ƙarafan layukan biyu, aka shimfiɗa kwalta, aka ce daga yau hanyar keke ce, mota ko babur ba ya shiga. Tsohuwar hanyar gona da ke ƙetarawa ta ƙofarta kuwa ciyawa ta cinye ta.

Sai Armande ta jawo kujera bakin hanya ta zama alƙaliyar masu keke.

"Kai mai jar riga, ɗaga sirdinka, kana tuƙi kamar kwaɗo!"

"Madam, sarƙarki na kuka. Ko mijinki ya hana ki mai?"

Tana da famfon ba taya iska, tana da tulun ruwan sanyi, faci kuwa kafin ka gama ba da labarin yadda aka yi ta liƙe shi. Baƙi na tafiya suna cewa ai tsohuwar 'yar tsere ce. Mu dangi muka bar kaza cikin gashinta. Gaskiyar ita ce, shekara saba'in ba kaɗan, Armande ba ta taɓa ɗora ƙafa a kan feda ba. Mijinta Célestin ke zuwa gari kullum safe, ya dawo da burodi a kwandon keke, ita kuma ta gaya masa inda ya yi kuskure wajen shan kwana.

Sanyin da ya wuce Célestin ya rasu, Allah ya jiƙansa. Gwiwar Armande kuma ba ta kai ta gari a ƙasa. Sai ga ɗanta Thibaut daga birnin Lyon, da takalmi mai ƙyalli da magana a shirye.

"Mama, na samo miki ɗaki kusa da mu. Hawa na uku, gidan burodi yana ƙasa."

"Hawa na uku? Ni tantabara ce?"

"Mota ba ta zuwa nan, Mama. Wa zai riƙa kawo miki burodi? Kawu Firmin?"

Firmin ni ne. Duk suka juyo suka dube ni, suka kwashe da dariya. Ban ga abin dariya ba, amma na ƙyale su tunda gidan makoki ne.

Aka tsaya a kan cewa Thibaut zai dawo lokacin bikin Ista. In ta je Vaucerne ta dawo da burodinta ita kaɗai, ya bar zancen. In ta kasa, a rufe gidan da aka haife ta, ta koma cikin tantabaru.

Ta fito da keken Célestin ta kai shi bayan gida, bayan sandunan wake, inda masu wucewa ba sa gani. Faɗuwar da ta sha a wurin nan, bana lambun bai nemi a yi masa kaftu ba. Kaji suka daina ƙwai don firgici. Kurciyoyi suka yi ƙaura zuwa gundumar gaba. Amma matar da ta shekara ashirin tana koya wa duniya tuƙi ba za ta bari ƙarfe mai taya biyu ya kunyata ta ba. Kafin tuffa ta yi fure, tana zagaya rijiya har da sakin hannu ɗaya ta kore ƙuda.

Ranar Lahadin Ista gari ya yi kyau, hanya ta cika maƙil da masu keke. Armande ta ɗaura ɗankwali, ta haye, ta fita. Thibaut na biye da keken haya. Ni kuma ina can baya nesa, don ya kamata wani ya rage ya ba da labari.

To, a ƙasar nan mota dama take bi, keke ma dama. Jirgin ƙasa ne kaɗai ke bin hagu, kuma da wannan ake yaye duk ɗan layin dogo. Armande na hawa kwalta ta kama hagu, kai a miƙe.

"Mama, dama! Koma dama!"

"Wannan layin dogo ne, yaro. Shafa masa kwalta bai mai da shi titi ba."

Waɗanda suka fara cin karo da ita 'yan ƙungiyar tsere ne, cikin ɗamammun kaya kamar zomayen da aka feɗe. Suka danna ƙararrawa. Ita ma ta danna tata, ba ta kauce ko taku ɗaya ba, don jirgi ba ya kauce wa kowa. Suka watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Bayansu wasu miji da mata a kan keke mai sirdi biyu: mijin ya karkata dama, matar ta karkata hagu, keken ya raba gardama ya kai su cikin ƙaya. Armande na wucewa tana cewa, "Barka da Ista! A riƙa duba layi!"

Dab da tsohuwar tasha dariya ta ƙare. Wata matashiya ta ɓullo daga kwana tana jan ɗan akwati mai taya a bayan kekenta, da jaririya a ciki. Ta taka birki, akwatin ya ɗaga taya ɗaya, ya yi kamar zai kife, sannan ya dawo ya zauna. Jaririyar ko kuka ba ta yi ba, ido kawai ta zuba wa Armande. Uwar kuwa ba ta yi zagi ba. Da ma ta yi, da Armande ta san abin cewa.

Ta shiga gidan burodi ta fito da dogon burodi a hammata. Thibaut na tsaye a ƙofa, fuskarsa ta yi fari fat.

"Kin iya keke, Mama, na gani da idona. Amma in haka za ki riƙa tafiya, gobe zan fara kwashe kaya. Ba zan zauna a Lyon ina jiran a kira ni ba."

Armande ta daɗe tana kallon tsohuwar tashar, wadda yanzu ake sayar da kofi a cikinta. Aikin gidansu tun kaka da kakanni shi ne kada abu ya yi karo da abu a kan layin nan.

"A mashigar uwata ko agwagwa ba a taɓa takewa ba," ta ce, ba da kowa take ba.

Ta sa burodin a kwando, ta haye, ta kama dama. Fuska kamar ta haɗiyi maɗaci, tana tafe tana gunaguni tana ba iyayenta haƙuri, amma har gida ba ta tsallaka tsakiya ba. Thibaut ya tsaya bakin rijiya ya kira mai ɗakin Lyon ya ce a ba wani.

Ni na riga su isowa, tunda ban ƙarasa garin ba; abin da ya faru a can daga baya aka ba ni labari. Na jingina da ƙofa na tarbe ta.

"Maraba da tubabbiya! Ashe jirgin gidanmu ya koma amalanke? In kun haɗu da gwaggo Eulalie a lahira, me za ki ce mata?"

Ta sauko a hankali, ta zare burodin ta nuna ni da shi.

"Zan ce mata na bar hannun da na saba don in ci gaba da kwana a ɗakinta. Kai fa, Firmin, da ka shekara sittin a tsakiyar hanya, ba ka hagu ba ka dama? Matsa, ka tare min ƙofa."