Ranar da Yaya Rakiya Ta Kama Sunan 'Yarta

Da kakar gyaɗar nan Yaya Rakiya ta cika shekara tara da rasuwa. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta. Kowace shekara addu'a nake yi mata in ja bakina in yi shiru. Bana na kasa, domin maganar da ta bari a bayanta tana neman kashe mana 'ya.

Ni ƙaninta ne, ni nake bi mata. A Yammedi ta yi zaman aurenta, kuma duk wanda ya ci kasuwar Rogo a shekarun baya ya san ƙuli-ƙulinta da man gyaɗarta. Mace ce mai tsafta har ta ba ka haushi, kwanon da ka wanke sai ta sake wankewa a gabanka. Ga kunya irin ta mutanen da. 'Yarta ta fari, Sa'adatu, wadda ita kaɗai Allah Ya raya mata, ba ta taɓa kama sunanta ba. Sai dai "ke", ko "yarinyar nan". Ranar da aka kai Sa'a ɗakin miji a Kurugu ma, Yaya tana tsakar gida tana ɓare gyaɗa kamar bikin maƙwabta ake yi.

Sankarar hanji ce ajalinta. Ta daɗe tana ganin jini tana cewa basir ne, tana shan jiƙo. Kafin mu kai ta Kano abu ya yi nisa. Likitoci sun yi bakin ƙoƙarinsu, ban riƙe kowa a raina ba. Aka tsaga cikin daga ƙirji har mara, aka yanke abin da zai yanku, aka fito da hanji ta gefe aka manna mata jaka. Ɗinki ya ƙi kamewa, kullum yana ruwa. Wannan mata mai tsafta ta koma tambayata ko sallarta tana karɓuwa. Sa'a ce ta baro ɗakinta ta yi jinyarta, ita ke wanke ciwon, babu abin da idonta bai gani ba.

Wata la'asar, ina zaune a bakin ƙofa, Yaya ta riƙo hannun yarinyar ta ce, "Sa'adatu." Mu duka muka ɗago kai, don ba mu taɓa jin sunan a bakinta ba. Ta ce, "Sa'adatu, komai ciwo, kada ki yarda a tsaga cikinki." Ba ta ƙara mako a duniya ba.

To, yau Sa'a ce a kwance. Sankarar mahaifa. Likitar da ta duba ta a Kano ta ce akwai irin da ke bin jini, uwa ta yi ta hanji, 'ya ta yi ta mahaifa. Amma ta ce an ga ta Sa'a da wuri, in aka cire mahaifar yanzu akwai kyakkyawan zato. Har ta faɗa mana wani abu da ni kaina na ɗauka tatsuniya ce: a wani asibiti a Legas ana wannan aiki da na'ura mai hannuwa, wadda ake kira mutum-mutumi. Ba na'urar ke yanke shawara ba. Likita ne zai zauna a gefe, yana kallon cikin mutum ta kyamara, yana juya hannuwan na'urar, su kuma su shiga ta 'yan ƙananan huji, kowanne bai kai faɗin babban yatsa biyu ba. Ba a buɗe ciki kamar yadda aka buɗe na Yaya. Mijin Sa'a, Allah Ya saka masa, ya ce ko garkensa zai ƙare a tafi.

Sa'a ta ce ba za ta ba.

Na yi lallashi, na yi faɗa, kuma duk Rogo an san ni da saurin hawa. Na kai mata limamin unguwarsu, ya gaya mata wasiyyar da za ta halaka rai ba a bin ta. Ta ce ta ji, ta gode. Na nuna mata aikin a waya, ta kalla har ƙarshe, sannan ta ce, "Kawu, hujin nan ba da wuƙa ake yi ba?"

Wallahi na so in yi mata ƙarya. Na ce da wuƙa ne, amma 'yar mitsitsiya.

Ta ce, "Kawu, sau ɗaya tak ta taɓa kiran sunana. Abin da ta kira ni dominsa shi zan take?"

Na miƙe na yi mata sallama. Na hau acaɓa na dawo Rogo ina hawaye, ni da furfurata.

Tun ranar nake tambayar kaina, da Yaya za ta ga wannan na'ura, me za ta ce? Na san za ta fara taɓe baki, ta tambaya wa ke wanke hannuwan ƙarfen, kuma sau nawa. Amma na san 'yar'uwata. Ba wuƙa ta tsana ba. Jakar nan ta tsana, da warin, da yadda 'yar da take jin kunya ta riƙa ganin tsiraicinta. Abin da ta sani shi ta hana. Ba ta san za a yi zamanin da za a cire ciwo ta huji, mace ta tashi ta yi alwalarta da kanta ba. Wa zai iya gaya wa Sa'a haka ta yarda, in ban da wadda ke kwance a maƙabartar Yammedi?

Tukunyar tuyar Yaya ta tsage, rumfarta a kasuwa wani ke sayar da taki a ciki. Abin da ya rage na Yaya a duniya biyu ne, 'yarta da maganarta, ga shi ɗaya tana cin ɗaya. Likita ta ce ciwon ba ya jiran kowa, jinin da Sa'a ke zubarwa kuma sai ƙaruwa yake.

Gobe da hantsi zan koma Kurugu. Hujjojina sun ƙare, abu ɗaya ya rage in faɗa mata: matar da ta danne sunanki a bakinta tun ranar da ta haife ki, ba ta furta shi don a sake jin sa a wajen sallar gawa ba. In Sa'a ta ƙi, jibi ma zan koma.

Yaya, ke kika riƙe hannun nan. Don Allah ki sake shi.